Yadda Malamin Zango Zai Gina Sana'a a Kan Ilimin Na'ura, Ƙirƙirarriyar Basira da Ƙagaggun Labaran Kimiyya

A unguwannin Zango na Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase, Sawaba da Alabar, da wuya a shiga gidan da babu wayar da ke hawa intanet, kuma sau da yawa yaron gidan ne yake riƙe da ita. Shi ne yake karanta wa kakarsa saƙon momo, wato kuɗin waya, shi ne kuma yake yanke mata hukunci ko muryar da aka turo ta WhatsApp gaskiya ce ko ƙarya. Yaron ya iya latsa waya, amma babu wanda ya zaunar da shi ya koya masa tantance abin da wayar take gaya masa. Masu yin wannan aikin ne suka yi ƙaranci, kuma a nan ne ƙofar sana'a take ga malami ko malamar da ke neman fannin da za a san su da shi, su kuma ci abinci da shi.

Hanyar da za a shimfiɗa a nan ta haɗa abu uku da aka saba rabawa: koyar da amfani da na'urorin zamani, koyar da fahimtar ƙirƙirarriyar basira, da nazarin ƙagaggun labaran kimiyya. A ganina rabawar nan asara ce. Manhajar da ake yayi bana, baɗi an manta da ita, amma tambayoyin da ya kamata ɗalibi ya yi wa kowace na'ura ba sa tsufa: wa ya ƙera ta, da waɗanne bayanai aka horar da ita, wa take yi wa aiki, kuma wa zai ɗauki asara idan ta yi kuskure. Marubutan labaran kimiyya sun fi shekara ɗari suna yin waɗannan tambayoyi, don haka malamin da ya san labaran yana riƙe da kayan koyarwar da ba ya buƙatar wuta ko data.

Fara da takardar da hukuma ta sani

Komai ƙwarewarka a kan kwamfuta, Hukumar Ilimi ta Ghana, wato GES, ba za ta ɗauke ka malami ba sai da shaidar koyarwa da lasisin Majalisar Malamai ta Ƙasa, NTC, wadda ta fara jarrabawar lasisi a 2018. A wannan shekarar ce kuma kwalejojin horar da malamai suka koma bayar da digiri na shekara huɗu. Ɗan Kumasi yana da zaɓi kusa da gida: kwalejin Wesley da ta St. Louis suna cikin gari, kwalejin Al-Faruq tana Wenchi, sannan jami'ar AAMUSTED da ke Kumasi, wadda a da reshen Jami'ar Ilimi ta Winneba ce kafin ta tsaya da ƙafarta a 2020, tana horar da malaman fasahar sadarwa. Wanda ya riga ya yi digiri a wani fanni, misali Turanci ko kimiyyar kwamfuta a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, sai ya ƙara difiloma ta koyarwa kafin ya nemi lasisi.

Ba dole ba ne digirinka na farko ya zama na kwamfuta. Malamin adabi da ya koyi na'ura da malamin na'ura da ya koyi adabi duk wuri ɗaya za su haɗu, sai dai kowanne ya san ɓangaren da yake da rauni ya cike shi. Abin da ya wajaba a kan kowa shi ne ya sauke tsarin darussan da hukumar NaCCA, mai tsara darussan makarantun Ghana, ta fitar ya karanta da kansa. Tun 2019 aka sa darasin kwamfuta daga aji huɗu na firamare, kuma tsarin ƙaramar sakandare ya ƙunshi sashe a kan mutum-mutumi da ƙirƙirarriyar basira. Sanin wannan yana da amfani a ranar da shugaban makaranta zai tambaye ka dalilin da ya sa kake karanta wa yara labari a lokacin darasin kwamfuta, domin za ka buɗe takardar hukuma ka nuna masa layin da kake cikawa.

Abin da ya kamata ka fahimta kafin ka tsaya gaban allo

Tun da aka saki ChatGPT a ƙarshen Nuwamban 2022 mutane suka kasu biyu, masu ɗaukar irin waɗannan manhajojin hira a matsayin masanin da ba ya kuskure da masu ɗaukarsu a matsayin wani abin tsoro. Malami ba shi da wuri a ko ɗaya daga cikin ɓangarorin nan. Abin da manhajar take yi shi ne hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan kalmomin da suka gabata, bisa ɗimbin rubutun da aka horar da ita da shi. Daga wannan jumla guda ɗaya sauran darussa suke fitowa. Tana iya ƙago sunan littafi ko hadisin da babu shi, cikin kyakkyawan lafazi, domin aikinta samar da magana mai kama da gaskiya ne, ba tabbatar da gaskiya ba. Ta fi ƙarfi a Turanci saboda rubutun Turanci ya fi yawa a intanet. Hausarta ta fi karkata ga ta Kano da ta kafofin labarai, kuma Hausar da ake yi a Zangon Kumasi, wadda ta gauraya da Twi, kusan baƙuwa ce gare ta.

Idan ba za ka iya bayyana wannan da Hausa ga ɗan shekara goma sha uku ba, to da sauran aiki a gabanka. Kwas ɗin Elements of AI, wanda Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan ta buɗe kyauta a 2018, ya ishi mai farawa kuma ba ya buƙatar lissafi mai zurfi. Bayansa sai a karanta takardu biyu da hukumar UNESCO ta fitar a 2024, ɗaya kan ƙwarewar da ake buƙata daga malamai, ɗaya kan ta ɗalibai. Jagorarta ta 2023 ta ba da shawarar kada yaron da bai kai shekara 13 ba ya yi amfani da waɗannan manhajojin shi kaɗai, kuma wannan iyaka ce da ya kamata malamin firamare ya riƙe.

Akwai bincike guda da ya dace kowane malamin Ghana ya san shi a ka. A 2018 Joy Buolamwini, wadda iyayenta 'yan Ghana ne, tare da Timnit Gebru, suka gwada manhajojin manyan kamfanoni masu bambance fuskar namiji da mace. Kuskuren manhajojin a kan fararen maza bai kai kashi 1 cikin 100 ba, amma a kan mata baƙaƙe ya kai kusan kashi 35. Babban dalilin shi ne hotunan da aka horar da na'urorin da su fararen fata ne suka fi yawa a ciki. Yarinyar da ta ji wannan ba ta buƙatar dogon bayani kafin ta gane cewa na'ura tana gadon son zuciya da sakacin waɗanda suka ciyar da ita bayanai.

Ajin da babu kwamfuta

A 2018 duniya ta ga hoton Richard Appiah Akoto, malamin ƙaramar sakandare ta Betenase a Sekyedumase, nan jihar Ashanti, yana zana fuskar Microsoft Word a kan allo da alli mai launi saboda makarantarsa ba ta da kwamfuta. An yaba masa, kuma ya cancanci yabo, amma hoton yana nuna wata matsala ta daban: jarrabawa ce take tilasta wa malami ya koyar da sunayen maɓallai, alhali maɓallan su ne sashen da yaro zai koya da kansa cikin mako guda idan na'ura ta shiga hannunsa. Ka ba jarrabawa haƙƙinta, domin BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, ba ta jiran kowa, amma ka ware lokaci ga abin da yaro ba zai koya shi kaɗai ba.

Ana iya nuna yadda na'ura take koyo da katin takarda kawai. Ka raba wa rukuni ɗaya katuna ashirin masu hoton abinci, ka ce su fitar da ƙa'idar da za ta bambance abincin safe da na dare, amma ka tabbata duk katunan nasu na koko da ƙosai da tuwon zafi ne. Sannan ka miƙa musu katin fufu ko na kenke ka ce su yi hukunci da ƙa'idar da suka fitar. Za su rikice, kuma rikicewar ita ce darasin: abin da ba a nuna wa na'ura ba, za ta yi masa hukunci ne da abin da ta saba gani. Shirin CS Unplugged na Jami'ar Canterbury ta New Zealand cike yake da irin waɗannan wasanni, kyauta. Idan akwai kwamfuta ko da guda ɗaya ce, manhajar Scratch tana aiki ba tare da intanet ba, Kiwix kuma tana ɗauke da Wikipedia gaba ɗaya a cikin na'ura, don haka ɗaukewar wuta ce kawai za ta tsayar da kai, ba ƙarewar data ba.

Wajen tantance labari, ɗan Zango yana da gadon da ba a cika tunawa da shi ba. Yaron da ke zuwa makarantar allo ko Islamiyya da yamma ya ji malaminsa yana cewa hadisi yana da isnadi da matani, wato sarƙar masu ruwaya da lafazin maganar, kuma ba a karɓar magana sai an san wanda ya faɗa, daga wa ya ji, da kuma ko amintacce ne. Wannan ita ce ainihin hanyar da masu binciken labarai na GhanaFact da Dubawa suke bi, da wasu kayan aiki. Ka kawo saƙon murya guda da ya yaɗu a unguwa, ka ce ɗalibai su bi isnadinsa: wa ya turo, shi daga ina ya samu, a ina sarƙar ta yanke. Daga nan sai ka koya musu su bar shafin da ake shakka su buɗe wasu shafuka su ga abin da aka ce game da shi, su kuma nemi asalin hoto ta hanyar sa shi cikin injin bincike. Amsar manhajar hira, bisa wannan ma'auni, matani ne marar isnadi, kuma haka ya kamata ɗalibi ya riƙa kallonta har sai ya samo mata madogara.

Kada a bar darasin damfara a baya, domin shi ne iyaye za su fi saurin ganin amfaninsa. Kiran da ake cewa an tura maka kuɗi bisa kuskure, neman lambar sirrin momo, da muryar ɗan uwa da na'ura ta kwaikwaya, duk abubuwa ne da za a iya yin wasan kwaikwayo da su a aji. Ɗalibi ya haddace lamba 292, ta Hukumar Tsaron Intanet wadda Dokar 1038 ta 2020 ta kafa, inda ake kai ƙarar irin waɗannan laifuka.

Labari a matsayin ɗakin gwaji

Nan ne zuciyar sana'ar take, kuma nan ne ake bambanta da sauran malaman kwamfuta. Ƙagaggen labarin kimiyya ba tatsuniya ba ce. A tatsuniya Gizo yana iya yin komai ba tare da an tambayi yadda ya yi ba, amma a labarin kimiyya marubuci yakan shigo da sabon abu guda, na'ura ko magani ko wata hanyar tafiya, sannan ya bi sakamakonsa a rayuwar mutane bisa hankali. Masanin adabi Darko Suvin ya gina fitaccen nazarinsa na 1979 a kan wannan sabon abu guda da yadda yake sa mai karatu ya kalli duniyarsa da baƙon ido. Ga malami fassarar wannan a aikace ita ce: labari yana ba ɗalibi damar gwada wata fasaha a kan al'umma ba tare da an cuci kowa ba.

Ka fara da gajerun labarai, domin darasi ba ya ɗaukar littafi guda. Isaac Asimov yana da wani ɗan labari na 1951, The Fun They Had, wanda bai wuce shafi uku ba, game da yara biyu da na'ura take koyar da su a gida, suka tsinci tsohon littafin takarda suna mamakin zamanin da yara suke taruwa a gini guda mutum yana koya musu. Ka karanta shi da Turanci, ka sake ba da shi da Hausa, sannan ka tambayi ajin abin da na'urar ta fi ka iyawa da abin da ba za ta taɓa iyawa ba. Ka shirya jin amsoshin da ba za su yi maka daɗi ba. Ga manyan ɗalibai akwai The Machine Stops na E. M. Forster, wanda aka buga a 1909, inda kowa yake zaune a ɗakinsa yana magana da 'yan uwa ta fuskar na'ura har ranar da na'urar ta tsaya. Ɗaliban da suka san zaman duhu na shekarun dumso, lokacin yawan ɗauke wuta, ba sa buƙatar a fassara musu ƙarshensa.

Sai dai idan duk labaran daga Turai da Amurka suke, yaro zai ɗauka cewa gobe ta wasu ce, shi ɗan kallo ne. Don haka dole a kawo na gida. Umaru Dembo ya wallafa Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, labarin yaron da aka tafi da shi yawo sararin samaniya, kuma masana suna lissafa shi cikin farkon labaran kimiyya da Hausa. Kojo Laing, haifaffen Kumasi, ya rubuta Major Gentl and the Achimota Wars a 1992, ya ajiye labarin a shekarar 2020. Harshensa yana da nauyi ga ɗalibin sakandare, amma malami ya kamata ya san shi. Nnedi Okorafor ta ajiye Remote Control na 2021 a Ghana, jarumarsa yarinya ce daga Wulugu a arewa, kuma a ciki akwai garin da mutum-mutumi yake kula da titi yana tattara bayanan mutane. Babi guda daga wannan ya isa buɗe muhawara kan kyamarar tsaro da sirrin mutum. Mujallar Omenana, wadda aka fara a Najeriya a 2014, tana buga gajerun labaran marubutan Afirka da za a iya karantawa kyauta.

Bayan karatu sai rubutu, kuma wannan shi ne matakin da ba a tsallakewa. Ka ba su ƙa'ida ɗaya tak: sabon abu guda, a wurin da suka sani, ga mutumin da suka sani. A ce motocin trotro na Kejetia sun fara tuƙa kansu. Ina yaron mota zai nufa, kuma wa zai ce wa mota ta jira tsohuwar da ke tsallaka titi da kaya? A ce makanikan Suame Magazine sun karɓi motar da sai kamfanin da ya ƙera ta ne kaɗai zai iya buɗe ƙwaƙwalwarta. Me za su yi? A ce an ƙera keken da ke bin mai sayayya da kayansa a kasuwa. Me zai faru da 'yan kayayo, masu dakon kaya, kuma wa zai mallaki kekunan? Ɗalibin da ya rubuta shafi biyu a kan ɗayan waɗannan ya yi tunani kan aiki, mallaka, doka da adalci fiye da wanda ya haddace ma'anar ƙirƙirarriyar basira daga allo. Ka bar su su rubuta da Hausar bakinsu. Hausar Kumasi ba ta cika bambance namiji da mace a nahawu ba, kuma ta ari kalmomin Twi da yawa. Idan ka cika takardar da jan biro a zagayen farko, labari na biyu ba zai zo ba. Gyaran rubutu yana da ranarsa.

Matakin ƙarshe shi ne ka ba manhajar hira irin tambayar da ka ba ajin, a gabansu, sannan a kwatanta. Galibi labarin na'urar zai fito sumul, babu kuskuren rubutu, amma babu Aboabo a ciki, sai wani gari marar suna da zai iya zama ko'ina. Idan ɗalibai suka gano wannan da kansu, sun fahimci ƙarfi da raunin na'urar a lokaci guda, kuma sha'awar su miƙa mata aikin gida takan ragu ba tare da barazana ba.

Iyaye da malaman addini

Za a sami uban da zai ce kana koya wa ɗansa ƙarya, ko malamin da zai ji ana maganar na'ura mai tunani ya ga an taɓa abin da Allah ne kaɗai ya mallaka. Kada ka raina wannan damuwa, kada kuma ka jira ta same ka a bakin ƙofar makaranta. Ka je da kanka ka gai da limamin unguwa da shugabannin ƙungiyar iyaye kafin ka fara, ka yi musu bayani cikin ladabi cewa labaran ba duba ba ne kuma ba da'awar sanin gaibu ba ce, misali ne da ake bugawa domin a yi tunani, kuma darasinka na farko shi ne na'ura ba ta da rai, ba ta da ilimin da ya wuce abin da mutane suka zuba mata. Yana da kyau ka tuna musu cewa malaman Musulunci sun riga mu a wannan fage: al-Jazari ya kammala littafinsa na na'urori masu motsa kansu a 1206, Ibn al-Nafis, likitan nan na ƙarni na 13, ya rubuta ƙagaggen labari domin tattauna ilimi da aƙida, kuma a ƙasar nan Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda ya rasu a 1934, ya yi waƙoƙi yana auna sauyin da zuwan Nasara ya kawo. Auna baƙon abu da alƙalami ba sabon aiki ba ne a wurinmu.

Game da 'yan mata, ka lura da wanda yake riƙe da na'ura idan aka yi aikin rukuni. Idan ba ka tsara juyi ba, maza ne za su latsa, mata su rubuta rahoto.

Daga aji zuwa bincike

Bambancin malamin da ya ƙware da malamin da ake kira masani shi ne ajiye shaida. Tun daga zangon karatu na farko ka buɗe littafi guda kana rubuta abin da ka koyar, tambayoyin da yara suka yi, inda darasi ya karye, da amsoshin da manhaja ta bayar da Hausa tare da ranar da ka tambaye ta, domin amsoshin suna canzawa da sabuntawa. Ka ajiye labaran ɗalibai, amma da izinin iyaye a rubuce, ba tare da suna ko hoton fuska ba. Dokar Kare Bayanai ta 2012, wato Doka ta 843, ta shafe ka, kuma kada ka taɓa zuba sunayen yara ko makinsu cikin manhajar hira. Idan ka shiga jami'a, kwamitin ɗa'ar bincike zai nemi waɗannan takardun izini kafin ya bar ka ka yi amfani da abin da ka tara.

Digiri na biyu da zai kai ka koyarwa a kwaleji ko jami'a shi ne mai kundin bincike, wato MPhil, ba wanda ake gamawa da darussa kawai ba, kuma wanda yake son kujerar jami'a ya sa digiri na uku a lissafinsa. Ana iya shiga ta ƙofar adabi a KNUST, Jami'ar Ghana da ke Legon ko ta Cape Coast, ko ta ƙofar fasahar ilimi a Winneba ko AAMUSTED. Kafin ka cike fom ka nemi malamin da zai yarda ya duba aikin da ya ratsa fanni biyu, ka aika masa shafi biyu da ke bayyana tambayarka, domin sashen da bai saba da labaran kimiyya ba yana iya ɗaukarsu wasan yara. Malamin GES yana iya neman hutun ƙaro karatu da albashi, amma guraben ƙayyadaddu ne kuma ana duba fannin, don haka a tambayi ofishin gunduma da wuri.

Zaɓen maudu'i shi ne inda ɗan Zango yake da rinjaye. Rubutu kan fitattun marubutan Amurka ya yi yawa, kuma ba za ka fi masu manyan ɗakunan karatu ba. Amma yadda yaran da ke magana da Hausa da Twi da Turanci suke hasashen gobe, ko yadda manhajojin fassara suke yi da Hausar Ghana, fili ne mai faɗi. Hausa ta shiga Google Translate a 2013, Twi da Ewe a 2022, amma Hausa ba ta cikin harsuna goma sha ɗaya da gwamnatin Ghana take ɗaukar nauyin koyarwa a makarantu, don haka rubutacciyar Hausar ƙasar nan kaɗan ce, kuma duk abin da ka tattara bisa ƙa'ida yana da daraja. Masu aikin harsunan Afirka da na'ura, irin su Masakhane, HausaNLP da Ghana NLP masu manhajar Khaya, suna buƙatar malaman da suka san harshe da aji, ba masu rubuta lambar kwamfuta kaɗai ba. Ga ɓangaren adabin Hausa kuwa, sassan harsuna na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello su ne inda za ka nemi masu karanta maka daftari.

Ka san mujallun fannin ko da ba ka kai ga bugawa a cikinsu ba: Extrapolation tun 1959, Foundation tun 1972, Science Fiction Studies tun 1973. Karanta sharhin littattafai da suke bugawa yana koya wa mutum salon muhawarar, kuma sharhin littafi shi ne mafi sauƙin abin da sabon marubuci zai fara aikawa. Jerin waɗanda suka ci kyautar Nommo, wadda ake bayarwa tun 2017 ga marubutan Afirka, ya isa ya zama jadawalin karatunka na shekara. Ka guji mujallar da za ta aiko maka wasiƙa tana yabonka, ta nemi dala, ta yi alƙawarin bugawa cikin mako biyu. Irin wannan takarda tana rage wa mutum daraja a gaban kwamitin ɗaukar aiki. Taruka kuma ba duka ne suke nesa ba: Google ya buɗe cibiyar bincikensa ta ƙirƙirarriyar basira a Accra a 2019, babban taron Deep Learning Indaba ya zauna a Legon a 2023, kuma KNUST tana da ɗakin bincike na RAIL a kan amfani da fasahar bisa amana.

Suna, kuɗi da lokaci

Wurin farko da za a san ka shi ne zaman ƙara wa juna sani da malamai suke yi a makarantarku. Ka nemi a ba ka rabin sa'a ka gudanar da darasin katuna ko na isnadi da abokan aikinka, daga nan jami'in da'ira zai ji labari, sai gayyata ta fara zuwa daga wasu makarantu, har da na Sashen Ilimin Musulunci na GES. Idan horon da kake bayarwa zai ba malamai makin sabunta lasisi, sai ya bi ta hannun mai horarwar da NTC ta amince da shi, don haka ka bincika wannan kafin ka yi wa kowa alƙawari. Shirin rediyo na minti goma sha biyar da Hausa, ko gajerun saƙonnin murya ga iyaye, suna kai sunanka inda takardar jami'a ba ta zuwa.

Ƙungiyoyi masu zaman kansu za su zo neman wanda ya san Zango. Kafin ka karɓi aikinsu a rubuta abu uku a takarda: nawa za a biya da kuma yaushe, wa ya mallaki darussan da ka tsara, da abin da za a yi da hotuna da rubutun yara. Ka riƙe haƙƙin amfani da darussanka a bincikenka, domin su ne jarin kundinka. Aikin waje kuma a yi shi ranar Asabar ko lokacin hutu, da sanin shugaban makaranta, saboda malamin da ya bar ajinsa domin taron otal zai rasa wasiƙar shaidar da zai buƙata ranar neman hutun karatu.